Yadda Na Kai Hanjin Akuya Maraɗi da Ransa

Dakoro

Ƙarfe biyar da rabi, da sallame sallar asuba, na kayar da akuyar a bayan gida. Shekara talatin ina fawa, amma ban taɓa yanka a hankali irin na ran nan ba.

Ɗiyata Rakiya tana karatun likitan dabbobi a Maraɗi. Aikinta na gama makaranta a kan hanji ne, kuma awaki uku ta ajiye a gidana tana ba su wani ganye da makiyaya ke ba dabba mai zawo. So take a kai mata ɗan guntun hanjin da ransa. Ta farko, ƙanena Illo ya tatse hanjin ya wanke shi tas da ruwan ɗumi, har ya kitsa shi, wai kada a ce mahautan Dakoro ƙazamai ne. Ta biyu muka binne shi cikin ƙanƙara, ya sandare. Wannan ce ta ƙarshe. In ta lalace, shekarar Rakiya ta tafi.

Na yanki taƙi ɗaya, ban ja ba, ban matsa ba, na sa a buteli, wato kwalbar ruwan maganin da ta aiko. Na naɗe butelin da tsumma, na sa cikin kula mai riƙe sanyi, ƙanƙara na gefe. Awa huɗu ta ba ni.

Shida da kwata muka bar tasha, kular tana bisa cinyata. Yaron mota ya ce a ɗora ta sama.

"Ni za ka ɗora sama, ba ita ba," na ce masa.

Ajekoriya zuwa Kornaka

Direba ya yi ta leƙena ta madubi, har ya kasa haƙuri.

"Baba, zinariya ce?"

"Hanji ne."

Mota ta ɗauki dariya. Wata tsohuwa ta ce ashe hanji ya ƙare a Maraɗi. Direba ya ce ai da na kai akuyar da ƙafarta. Na ce ni ma na faɗi haka, yarinyar ta ce wahalar hanya da tsoro suna sauya tafiyar ciki, aikin ba zai fito daidai ba.

Bakwai da rabi, a shingen Kornaka, jandarma ya ce a buɗe. Ya ɗaga butelin yana kallo, rana ta fara dukansa.

"Ranka ya daɗe, rana!"

Na ba shi takardar da Rakiya ta rubuto da Faransanci. Ya karanta, ya mayar da butelin da kansa, ya ce da direba, "Wuce, kana da marar lafiya a mota."

Sabon Maci

Saura kaɗan mu shiga gari taya ta fashe. Innalillahi! Takwas da minti goma. Na buɗe kula, rabin ƙanƙarar ta zama ruwa. Direba yana kwance taya yana hira kamar ranar salla. Na yi masa faɗan da daga baya na ji kunya.

Wani mai babur ya kai ni cikin gari. Shago biyu babu ƙanƙara, a na uku wata mai sayar da lemun zoɓo ta ba ni ƙulli huɗu daskararru. Ta ƙi karɓar komai, ta ce ɗiyar mutum ɗaya ɗiyar kowa ce in tana karatu. Tara saura kwata muka tashi. Tun daga nan har Tibiri ban daina duban agogo ba, ƙosan da tsohuwar nan ta miƙo mini ma ban iya ci ba.

Maraɗi

Goma saura kwata na sauka, na wuce awa huɗun da minti goma sha biyar. Rakiya na bakin ƙofa da farar riga. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta fizge kular ta ruga ciki, na bi ta.

Ta yanki ɗan guntu, ta ɗaure da zare, ta rataya cikin wani ƙaramin gilashi mai ruwan ɗumi da kumfa na tashi. Mushenta, wato malaminta, wani dattijo mai tabarau, ya ce a jira. Layin da ke jikin na'urar da ta haɗa da zaren ya miƙe sak. Minti goma. Ashirin. Na ga laɓɓan yarinyar suna motsi.

Sai layin ya ɗaga, ya sauka, ya sake ɗagawa.

"Baba, dubi! Yana motsi!"

Na zauna a ƙasa ina hamdala. Ta taɓa guntun da ɗan kuran, wato wutar lantarki, ya ƙanƙance. Ta ɗiga wani magani, ta sake taɓawa, ko gezau.

"Ya mutu?"

"A'a, jijiyoyin na rufe wa baki. Cikin bangon hanji akwai jijiyoyi siri-siri kamar raga, su ke ce masa matse, saki. Ko an raba shi da kai, suna aikinsu."

Sau nawa na ga hanji na mutsu-mutsu a kwano, ina cewa sauran rai ne! Mushen ya ce yankan ya yi kyau, ya tambayi wa ya yi. Rakiya ta nuna ni.

Komawa

Na ci shinkafa da wake a tasha, kwano biyu. Ƙarfe biyu muka taso, na yi barci har Kornaka. Biyar da rabi na iso gida. Illo na zaune a zaure, bai ko je kasuwa ba.

"Ya motsa?"

"Ya motsa."

Ya rufe fuska da hula.

Ina godiya ga Allah, ga jandarman nan, ga mai zoɓo ta Sabon Maci da ban ko tambayi sunanta ba, da direba da nake roƙo ya yafe mini. Mai ɗakina ta ajiye mini farfesun kayan cikin akuyar. Na ci hanta, na ci tumbi. Da na zo kan hanjin, na daɗe ina kallonsa, na tura wa Illo kwanon.