Mun Je Zariya Tambayar Ruwa

Asuba a bakin hanya ta same mu, ni da maƙwabcinmu, muna jiran motar da za ta fitar da mu daga Gozaki. Baba ne ya aike ni, kuma aiken ba na wasa ba ne. Bara damina ta ɗauke da wuri, dawa ta bushe a tsaye, ɗan abin da muka samu mun cinye tun bazara ba ta yi nisa ba. Abin da ya rage mana tukunya ɗaya ce ta irin dawa kaura, wadda Inna ta liƙe bakinta da laka don kada yunwa ta sa wani ya buɗe. In wannan iri ya lalace ba mu da wani, ba kuma mai ba mu, don bana kowa ta kansa yake yi.

Gardamar da ta raba garin ita ce ta binne, wato a zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwan fari. Waɗanda suka yi binne bara su ne suka ɗan sami na sawa a baka, shi ya sa bana hannun kowa ke ƙaiƙayi. Amma kowane manomi ya san haɗarinsa: in yayyafi ya jiƙa irin ya wuce, zai tsiro, rana ta ƙone shi. To, a majami'a Baba ya ji cewa ɗan wani amininsa, wanda ya yi karatu a ƙasar waje, yana aiki a Zariya inda ake duba hotunan da tauraron ɗan'adam ke ɗauka. Baba ya ce mai kallon duniya daga sama ba zai rasa ganin inda hadari ya maƙale ba. Ya yi mini alkawari ba zai shuka ba sai na dawo. Maƙwabcin namu kuwa, dattijo mai son hira, ya ce shi ma tambayar ke cinsa, kuma bai taɓa ganin Zariya ba.

A-kori-kura muka samu, aka jera mu a baya tare da awaki. Hagu da dama gonaki ne sharraru, an gama ƙona kara, ba abin da ake jira sai ruwa. Duk wanda muka wuce a bakin gonarsa gabas yake kallo. A Malumfashi muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance ƙwarai, har dattijon ya ɗaga ɗaya ya tambayi mai tuyar ko an yaye shi kafin a kawo kasuwa. Ta yi dariya, amma ba ta ƙara ba. Na leƙa wajen masu hatsi na tambayi tiyar dawa, da na ji kuɗin sai na yi kamar wani nake nema na wuce. A bakin tasha Fulani ke tallan shanu waɗanda ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa, ga kuma mutanen arewa da tabarmi da tukwane suna neman motar kudu. Ban tambaye su ba, fuskokinsu sun ishe ni. Manoma ne irinmu.

Funtuwa tana nan da hayaniyarta, manyan motoci da warin baƙin mai. Mun sha fura mai ruwa-ruwa muka hau bas. Kwalta sumul har Zariya, dattijon ya yi ta yabon gwamnati har barci ya ɗauke shi wajen Giwa.

Ɗan aminin Baban, wanda nake kira Yaya tun muna yara, ya karɓe mu hannu bibbiyu a wani ɗaki mai fanka da faffaɗan teburi. Sai da ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya kafin na faɗi abin da ya kawo mu. Daga nan ya jawo wasu hotuna guda biyu ya shimfiɗa, ya ce bari ya nuna mana ainihin aikin da ya koyo, don mu san iyakar abin da tauraron ke gani.

Fari ne fat, da baƙi a gefe. Ya ce farin ƙanƙara ce, baƙin kuma teku, can ƙarshen duniya ta kudu inda ba gari ba gona. Ƙanƙarar ta rufe ƙasa sukutum, kaurinta ya fi tsayin duk dutsen da muka taɓa gani. Tauraron yakan bi ta kanta ya ɗauki hoto. Akwai kuma wanda ke aika sauti irin na rediyo ƙasa ya jira dawowarsa, da haka ake gane tsayinta, kamar yadda ake gane nisan ruwan rijiya da igiyar guga. Ya ɗora hoto ɗaya kan ɗaya a jikin taga, haske ya ratsa su. Na farko tsoho ne, na biyun na baya-bayan nan. Da idona na ga bakin farin ya ja baya, wani ɓangare ya ɓalle ya shiga teku. Ya ce wannan ɗan guntun da zan iya rufewa da babban yatsa ya fi ƙasar Malumfashi da ƙauyukanta girma.

Dattijon ya tambaya ko ba za a sami manyan motoci su kwaso mana ba, tun da su can asara take yi. Yaya ya yi murmushi. Ya ce masana kansu ba su gama sanin ko raguwa take yi gaba ɗaya ba, awon ma yanzu aka fara. Amma in ta tabbata duniya na ɗumama, teku zai cika, damina kuma tana iya canja hali a wurare irin namu. Na zo da tsoron shekara ɗaya, ga shi ana nuna mini wanda ba a san ƙarshensa ba.

Na daure na ce, "Yaya, to ruwan bana fa? Baba na jira."

Ya ce, "Ƙanena, hoton nan abin da ya riga ya faru yake nunawa. Ba ya ganin gobe. Ka gaya wa Baba in ni ne, da iri ɗaya tak a hannuna, ba zan binne ba. Sai ƙasa ta sha ta ƙoshi."

Mun so komawa a ranar, amma motar da muka samu ta lalace, dole muka kwana a Funtuwa wajen wani ɗan'uwan dattijon, wanda ya cika mu da tuwon masara da tambayoyi. Sai da rana ta ɗaga muka kama hanya. Muna wuce Bakori ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya buge mu. Mota ta kaure da hamdala, wata mata ta rangaɗa guɗa, direba ya yi ta danna oda. Da aka tsaya sauke wani fasinja na dira na tona gefen hanya da ɗan kara. Sama-sama ne kawai, ƙarƙashi a bushe ƙamas. Na koma mota ina gaya wa kaina ai Baba ya yi alkawari, kuma ban taɓa ganin ya saɓa ba.

A gida Inna ta amsa sallamata ba ta dube ni ba, ta ce Baba na gona. A tsugune na same shi. Tun daga nesa na ga sawun sungumin shuka layi-layi har ƙarshen gonar. Ya ce jiya da safe, bayan tafiyarmu, hadari ya haɗu, gari duka ya fita da iri, maza da mata. Ya zauna a ƙofar gida shi kaɗai ana wucewa ana tambayarsa ko lafiya, har ya kasa daurewa, shi ma ya ɗauki irin ya fita. Da yamma aka yi yayyafin.

Ya ce, "Me yaron ya ce?"

Na ce, "Ya ce a jira, Baba."

Ya sa yatsa ya tono ƙwaya ɗaya, ta kumbura, bakinta ya fara tsagewa. Ya daɗe yana kallonta a tafin hannunsa, sannan ya mayar da ita ramin ya rufe a hankali.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗi ba ne. Ashe har masu tauraro asara suke aunawa bayan ta auku, kuma abin da ke damun gonarmu yana iya zama ya taso daga inda ƙafarmu ba za ta taɓa zuwa ba. Na kuma gane cewa zama kai kaɗai alhali gari ya fita ya fi ƙarfin alkawari, ban kuwa ga laifin Baba ba.

Yanzu da nake wannan rubutu dawar ta fito, kore shar, ba gurbi ko ɗaya da ya ƙi. Ban taɓa ganin shukarmu ta yi kyau haka ba. Tun yayyafin nan ko ɗigo ba a sake yi ba, kuma yau da rana na ga ganyen ya fara naɗewa.