Kwamfutar da Na Sayar wa Alhaji Mamman

Mu biyar ne a zauren ranar. Akwai Alhaji Mamman mai motocin kaya, shi ne mai gidan. Akwai 'yarsa Rakiya mai karatun zanen gini a jami'a, ita aka saya wa kwamfutar. Akwai ƙanwarsa Gwaggo Larai, wadda ba a kira ta ba amma ta zo da tabarmarta. Akwai Hadiza mai gyaran kwamfuta, 'yar marigayi Malam Isa tela, an kira ta daga shagonta na Vêdoko don ta amsa laifi. Sai ni ta biyar, ni na sayar da kwamfutar, an kira ni shaida.

Sunana ba zan faɗa ba, 'yan Zongo sun san ni. Ban shiga boko ba. Wannan da kuke karantawa faɗa nake ana rubutawa, kuma da ku yara nake magana, sai ku natsu.

Kafin in lalace, shinkafa da wake nake aunawa a bakin titi. Mijina direba ne, ya rasu ya bar ni da 'ya'ya uku. An san ni da tsanani. Yaro ba ya wuce ƙofata bai gaishe ni ba, in ya wuce sai na dawo da shi. A wajen suna ko biki ni ake ba tsaron tukunyar nama, don an san idona ba ya kuskure hannu.

Wata rana muduna ya faɗi, gindinsa ya lotsa ciki. Na ce gobe zan kai wa maƙeri. Da yamma na duba buhu, na ga bai yi ƙasa kamar kullum ba. Goben nan ta shekara shida ba ta zo ba. Babu wanda ya taɓa sa yatsa a muduna ya duba, wa zai yi wa Hajiya haka?

Daga nan ne wani Ɗanlami, mai shago a Akpakpa, ya same ni. Tsofaffin kwamfutoci yake saye, irin waɗanda ake saukewa daga jirgin ruwa. Ya ce, “Hajiya, ni fuskata ba ta sayar da kaya. Taki tana sayarwa.”

Muka raba aiki. Shi ne mai cikin kwamfuta, ban san abin da yake sa wa ba, ban kuma tambaya ba. Ni ce mai waje. In goge ta da auduga har ta yi sheƙi, in sa ta a sabon kwali, in naɗe da leda in bi bakin da dutsen guga. A ƙarshe in liƙa wata 'yar takarda mai ƙyalli a kan notin baya. Duk wanda ya saya sai in ce masa wannan hatimin kamfani ne, wanda ya yanke shi babu ruwana da abin da ya biyo baya. Saboda haka babu mai buɗewa.

Amma tsohon kaya ba ya ɓoye tsufansa har abada. Ƙorafi ya fara zuwa. Yawancin masu saye wurin Hadiza suke kaiwa ta sa musu manhaja, don 'yar unguwa ce. Sai na ga inda zan jingina laifin. Ban taɓa fitowa fili na ce ɓarauniya ce ba. A wajen suna, ana tsakiyar tuƙa tuwo, sai in ce, “Ni dai ban ce komai ba. Amma duk kwamfutar da ta shiga hannun 'yar Malam Isa, ba yadda ta shiga take fitowa ba.” In yi shiru in ci gaba da aikina. Sauran mata su ƙarasa.

To, Alhaji Mamman ya sayi ɗaya a hannuna, Hadiza ta sa mata manhajar zanen gini. Ba a yi wata ba abubuwa suka rikice. Duk abin da Rakiya ta sauke daga intanet, littafi ko zanen da malaminta ya aiko, yau ta gan shi, gobe babu. Wani sunansa na nan, amma in ta buɗe wayam. Manhajar ma ta tsaya, ta so ta sake sa ta, tana kaiwa rabi sai ta ƙi gaba. Ga shi saura kwana goma ta tsaya gaban malamai ta kare aikinta na ƙarshe, abin da suke kira sutnans. Maganata ta riga ta isa kunnen Alhaji. Ya ce sai ya kai Hadiza komisariya, wato ofishin 'yan sanda, amma a fara zama a zaure.

Bayan azahar Hadiza ta sauka daga kan zem, babur ɗin haya, da jakarta a kafaɗa. Ta durƙusa ta gaida kowa, har da ni.

Alhaji bai ko amsa sosai ba. Ya ce, “Don mahaifinki na ba ki amana, kika kwashe cikin kwamfutar 'yata.”

Ta ce, “Baba, a ba ni zuwa bayan la'asar. In laifina ne, da ƙafata zan shiga motar 'yan sanda.”

Ta juya kwamfutar ta miƙo mini. “Inna, ke kika fi mu sanin kayanki. Duba mini takardar nan ta baya, an taɓa ta?”

Na duba. Tana nan lafiya lau yadda na danna ta da babban yatsana. Ni abin da ke raina shi ne kada a yi shakkar sabuwa ce. Na ce, “Yadda kamfani ya liƙa ta haka take.”

Gwaggo Larai ta ce, “Yo ai yaran yanzu ba sai sun buɗe ba, ta iska suke kwashewa.”

Hadiza ta ce, “To Gwaggo, bari mu bi iskar mu gani.”

Na yi shekara da shekaru ina kallon hannun mutane, na ga na mahauta da na masu ɗinki, ban taɓa ganin hannu mai natsuwa irin na yarinyar nan ba. Ana jiran a kai ta ga 'yan sanda, amma aikinta kawai take yi. Kuma duk abin da za ta taɓa sai ta faɗa da Hausa, yadda har ni zan gane.

Ta fara da jakar da kayan da aka sauke suke faɗawa. Ta ce sau da yawa kaya ba ɓata suke ba, mai su ne bai san inda suka sauka ba. Babu. Ta sa Rakiya ta faɗi sunan littafi ɗaya, ta sa kwamfutar ta nemo shi lungu lungu. Babu. Ta leƙa kwandon shara ko an goge bisa kuskure. Babu. Ta ce akwai mai gadi a ciki, antibiris, wani lokaci yakan ɗauki baƙo ɓarawo ya kulle shi.

Gwaggo Larai ta ce, “Su ma da komisariyarsu a ciki ke nan?”

“Da ita, Gwaggo. Amma yau babu kowa a tsare.”

Sai ta buɗe wani jeri ta juya wa Alhaji. Ta ce, “Baba, wannan kamar takardar lodi ce. Ga kowane kaya da ranar da ya iso, kuma cikakke ya iso. Hanya ba ta da laifi, direba ba shi da laifi. A sito suke ɓacewa.”

Alhaji ya gyara zama. An zo fanninsa.

Ta ce ta lura da abu ɗaya: kayan makon farko duk suna buɗewa, na baya-bayan nan ne suka mutu. Ta ciro wani ɗan kile, abin ajiyar kayan kwamfuta mai kamar yatsa, daga jakarta ta soka a gefe. Ta ce za ta loda wa rumbun kwamfutar kaya masu lamba har ya cika, sannan ta ce ya dawo mata da su ɗaya bayan ɗaya. Abin ya ɗauki lokaci. Aka yi la'asar aka dawo, Rakiya ta kawo ruwa.

Da aikin ya ƙare Hadiza ta ce, “Baba, ga ɓarawon. Rumbun nan ya rubuta a goshinsa cewa yana cin buhu ɗari biyar, alhali talatin yake ci. In ya cika ba ya cewa na cika. Sai ya karɓi kaya, ya rubuta sunansu, ya zubar ta baya. Shi ya sa manhajar take tsayawa a rabi, babu inda za ta zauna.”

Kafin kowa a zauren nan ni na gane, don na san irin wannan ma'auni, na rayu da shi shekara shida.

Alhaji ya ce, “Wa ya sa shi a ciki?”

Ta miƙa masa reza. “Inna ta shaida ba a taɓa buɗewa ba tun daga kwali. Ka yanke takardar da hannunka, Baba, kada a ce ni ce.”

Ya yanke. Ta kwance notin ta ɗaga murfi. Ƙura ta dunƙule a jikin 'yar fankar kamar audugar tsohuwar katifa. Rumbun ko suna babu a jikinsa.

Alhaji ya ce, “Wannan ƙurar shekara nawa ce?”

“Ban san shekarunta ba, Baba. Amma ta girmi kwalin.”

Gwaggo Larai ta ja tabarmarta ta matsa daga kusa da ni. Takardar da na liƙa don kada a buɗe, ita ta wanke Hadiza, kuma da bakina na ba da shaidar.

Alhaji ya miƙe ya fara faɗa, kuma duk abin da ya kira ni na cancanta. Hadiza ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, “Baba, maganar Inna za ta iya jira. Sutnans ba zai jira ba.”

Ta fara kwashe abin da ke raye a tsohon rumbun. Ta ciro wani na gaske daga jakarta ta ɗaura, ta share ƙurar, ta sake sa komai daga tushe. Manhajar zanen ta shiga har ƙarshe ba gardama. Ta tambayi Rakiya ko ta taɓa aika wa wani aikinta. Ashe ta aika wa malaminta makonni biyu baya. Suka sauko da shi daga saƙon, Hadiza ta nuna mata inda ya faɗa, ta sa ta buɗe da hannunta. Zanen gida ya fito, da tagogi da matakala. Rakiya ta rufe fuska da mayafi. Hadiza ta ce mata, “Na sati biyu ne za ki sake. Kuma daga yau duk abin da kike so, ki ajiye shi wuri biyu.”

Ƙofa a buɗe take, da na so da na sulale. Na zauna ina kallo har aka kira magariba.

Alhaji ya kai ƙara. Da labari ya bazu, sauran da na sayar wa suka fito da kwalayensu. Ɗanlami ya bi hanyar iyaka, har yau ban sake jin ɗuriyarsa ba. A kotu an kira Hadiza, ta faɗi abin da ta gani a cikin kwamfutar, ba ƙari. Alƙali ya tambaye ta ko akwai wani abu tsakaninta da ni. Ta ce babu. Ta san duk abin da na yaɗa a kanta, ba ta ambata ba. Aka yanke mini shekara biyu.

Ba zan ba ku labarin gidan yari da yawa ba. Ni da nake dawo da yaro ya gaishe ni, sa'ar 'yar cikina ce take daka mini tsawa in tashi in ɗauki bokiti. Wannan na jure. Abin da ya hana ni sukuni shi ne labarin da 'yata ta kawo mini ranar ziyara. Rakiya ta ci jarrabawarta. Amma Hadiza ta bar shagon Vêdoko, ta koma ɗan teburi a Agla inda ba a san ta ba. Mu biyar ne muka ga abin da ya faru a zaure, maganata kuwa ta shiga kowane gida. Wasu ma cewa suke ai tare muke ci da ita. Ina kulle, bakina yana waje yana aiki.

Saboda haka ku ji ni. In mudunku ya lotsa, ku kai shi maƙera a ranar, kada ku kwana da shi. In wani ya ce fuskarku yake so don a yarda da kayansa, ku tambaye shi me ke cikin kayan. In abu ya ɓace muku a kwamfuta ko a waya, kada ku fara da neman wanda za ku zarga, ku nemi wanda ya iya, ya bi muku ɗaki ɗaki yadda yarinyar nan ta yi. Mafi girma kuma, kada ku ɗora laifinku a kan mai sana'a. Kayan sata ana ƙwato su a rana ɗaya, sunan mutum ba a ƙwato shi haka. Na tuba ga Allah, amma na san akwai haƙƙin da tuba a kan sallaya ba ta sauke shi.

Ranar Alhamis aka sake ni. Da na isa gida na ji ana cewa gobe akwai suna a gidan Gwaggo Larai, an yi mata jika.

Washegari da sassafe na yi wanka na sa mayafi na tafi, ba wanda ya gayyace ni. Na wuce maza a ƙofa na shiga har wajen murhu, inda mata suka cika ana tuƙa tuwo. Na tsaya a tsakiya na ce, “Maganar da na faɗa muku a kan Hadiza 'yar Malam Isa ƙarya ce, ni na ƙirƙire ta don in rufe satata. Ba ta taɓa cire wa kowa komai ba, ba ta taɓa cin ko dala tare da ni ba. Mai kwamfuta ko waya ta kai mata, tana Agla.”

Can Gwaggo Larai ta ajiye muciya ta ce, “To mun ji. Za ki zauna ki ci tuwo ne?”

Na ce, “A'a. Saura gida goma sha ɗaya da zan kai wannan magana.”

Na sa takalmina na nufi na gaba.