Na-Sama da Ranar Iska

Shekara goma sha ɗaya na yi ina ba direban injin ɗaga kaya alama da hannu a wurin ginin benaye. Na-Sama muke ce masa, don wuni yake a can ƙololuwa. Aji huɗu ya yi, kamar ni. 'Yarsa ce ta koya masa lissafi a kan tabarma, shi ya sa alli ba ya barin aljihunsa.

Wata safiya iska ta taso, ga damin rodi ana jira a hawa na tara, ga mutum shida a ƙarƙashi. 'Yar fankar da ke auna iska ta nuna sha huɗu. Takardar injin kuwa ta ce kada a ɗaga kaya in iska ta wuce arba'in da biyar. Na-Sama ya kashe inji ya sauko.

Shugaban aiki ya tare shi. "Kai Na-Sama, sha huɗu da arba'in da biyar, wanne ya fi? Ko sai na kira maka 'yarka?"

"Yallaɓai, fanka mita take ƙirgawa a sakan. Takarda kilomita ce a awa. Ba mudu ɗaya ba ne."

"In ba za ka hau ba, direbobi sun fi yashin nan yawa."

Na-Sama ya zaro allinsa. Ya tsuguna gaban wani faifan ƙarfe ya ce mini, "Yaya, tare mini iska." Ya rubuta mita sha huɗu a sama, sakan a ƙasa. A gefe ya sa sakan dubu uku da ɗari shida a sama, awa a ƙasa. Sai kilomita ɗaya a sama, mita dubu a ƙasa. Ya soke sakan da sakan, mita da mita, kamar mai tsince tsakuwa. Kilomita da awa suka rage: hamsin da ɗan ɗoriya.

"Ka kore ni, yallaɓai, amma ba zan rataya wannan a kan 'ya'yan mutane ba."

Wani birkila ya ce, "Ni ban iya lissafi ba, amma kaina ɗaya ne." Mutum shidan da ke ƙarƙashi suka janye gaba ɗaya.

Sai bayan azahar fanka ta sauko sha ɗaya. Ya sake lissafin daga farko, ya samu arba'in ba kaɗan, sannan ya hau. Na ɗaga masa hannu, rodi ya tashi a hankali ya sauka inda ake so.

Kwana uku shugaba bai amsa gaisuwarsa ba. Amma bai kawo wani direba ba.