Shekarar da Aka Sauke Garda

Ɗorawa ɗaya ce da mu, a tsakiyar gonar gandu, kuma daga jikinta miyar gidanmu ta shekara take fitowa. A ƙasarmu gona manne take da gona, gida na kallon gida, babu wani daji da mutum zai shiga ya tsinko abin da ya ga dama. Kowace bishiya da mai ita. Tamu gadon gida ce, amma mai iko da ita shi ne yayan mijina, tunda shi ne babba bayan rasuwar mahaifinsu.

Yaya nake ce masa, ko da yake ban cika ce masa komai ba. Matar ƙane ba ta tsayawa gaban yayan miji ta yi magana ido da ido. In tana da ta cewa, sai ta bi ta bakin uwar miji. Ni ta bakin Inna nake bi, kuma wannan kunyar ta yi masa rana ƙwarai.

Dogo ne, mai son babbar riga ko da gona zai je dubawa. Bai taɓa sanin inda miya take fitowa ba. A saninsa a cikin kwano take tsirowa, a kai masa zaure, ya shanye, ya yi gyatsa, ya aiko da gyara.

Shekarar da nake magana, damina biyu ke nan a jere tana yi mana gardama. Tun bazara ba ta yi nisa ba rumbu ya fara nuna gindinsa. Tuwo ya koma na dare kaɗai, da rana sai kunu tsararo. A cikin wannan hali ƙyanda ta shigo unguwa ta kama autata, yarinyar da ba a daɗe da yaye ta ba. Allah ya tashi kafaɗunta, amma ciwon ya tafi da bakinta. Kunu ta kawar da kai, fura ta tofar. Abu ɗaya take karɓa: in marmasa tuwo a cikin miyar kuka mai daddawa sosai, ya yi ruwa-ruwa, in riƙa ɗura mata kaɗan-kaɗan da yatsa. In daddawar ta yi ƙaranci a miya, loma ɗaya za ta gane, ta datse haƙora.

Daddawar bara kuwa saura 'yan ƙwayoyi a gindin tukunya. Kullum ina gutsura ina kallon ɗorawa daga kan danga, ina roƙon Allah su kai mu zuwa sabuwa.

Wanda bai taɓa yi ba yana ɗauka wasa ne. Sai ɗorawa ta nuna a kan uwarta, kwasfar ta yi duhu ta bushe, in an girgiza a ji tana ƙara. A sauke, a ɓare, a daka a fitar da garin nan rawaya, wanda nake dama wa yara da ruwa su sha su manta da yunwar rana. Ƙwayar da ta rage ita ce kalwa. A dafa ta wuni guda har itace ya ba ka tausayi, a surfa a turmi da ɗan toka, a wanke ɓawon ya tafi, a sake dafawa da kanwa, a tsane a kwando, a lulluɓe da ganye da buhu a ajiye a ɗaki mai ɗumi. Ba a buɗewa, ba a leƙawa, sai warinta ya yi sallama da kansa. Sannan a kirɓa, a mulmula, a fyaɗa, a shanya. Kwasfar ma ba a yar da ita, makuba ce ta daɓen ɗaki.

Saboda haka ne a garinmu ba a taɓa ɗorawa sai mai unguwa ya sa an yi shela cewa an sake ta. Kafin shela, ko taka ce, ka bar ta. Ɗanyarta garda ce, bauri ne da ita mai ɗaure harshe, ƙwayar cikinta kuma ba ta yi ƙwari ba. Yaron goye ma ya san wannan.

Wata ranar kasuwa Yaya ya dawo daga Zakirai da labari. Wai ya ji a rumfar mai shayi cewa bana yunwa ta sa mutane suna sauke ɗorawar da ba tasu ba. Ya tsaya a tsakar gida, riga na jan ƙasa, ya ce gobe da safe za a sauke tamu.

Inna tana kaɗi a gindin bango. Ba ta ɗago ba ta ce, “An yi shela ne ban ji ba? Ko kunnen nawa ya ƙarasa mutuwa?”

“Inna, shela ta mutanen da ce. Kafin mai unguwa ya gama hamma ɓarayi sun gama da mu.”

“Garda ce fa.”

“Rana za ta ƙarasa ta. Mangwaro ba ɗanye ake tsinkowa a binne a dusa ya nuna ba?”

Ina bakin murhu, auta a cinyata. Na ji maganar mangwaron nan har tsakiyar kaina. Na jira ya fita, na matsa kusa da Inna na ce a hankali, ta roƙa mana shi ya bar ko da rassan gabas ne, waɗanda suka fi cika, saboda yarinyar nan. In ma tsoron ɓarayi ne, maigidana zai riƙa wuni a gindinta.

Inna ta kai saƙo bayan la'asar. Ina jin amsar ta bayan zana.

“Yanzu kuma matan gida ne za su raba min bishiya gabas da yamma? Ku gaya mata ta ji da tukunyarta.”

Abin da nake ƙoƙarin yi ke nan, bawan Allah, ji da tukunyata.

Maigidana mutum ne mai haƙuri har ya yi yawa. Da na yi masa magana ya sunkuyar da kai ya ce, “Babba ne.” Na ce na sani. Girman ne dai ban ga inda ya ajiye shi ba, amma wannan a cikina na faɗa.

Washegari mazan gidan suka tafi da ƙugiya. Yaya bai hau ba, bai riƙe gora ba. Yana tsaye a inuwa yana nuni da baki: can, can sama, kada ku bar ko ɗaya. Maƙwabta na wucewa suna rage tafiya. Wani dattijo ya ce masa, “Malam, sannu da aiki. Awaki za a ba?” Yaya ya ce nan gaba za su gane wanda ya yi dabara.

Aka jibge mana ita a tsakar gida, kore shar, tana zubar da ruwa mai danƙo. Ya sa aka baza a kan rufin soro da tabarmi. Kullum da hantsi sai ya zo ya ɗauki ɗaya, ya juya ta, ya kai kunne ya girgiza, kamar mai sauraron rediyon da batirinsa ya mutu. Ta bushe kam, rana ba ta ƙi aikinta ba. Ta yi baƙi ta kanannaɗe. Da muka ɓare, babu gari sai wani abu fari-fari da ya manne da kwasfa. Yara suka lasa suka yi ta kakari. Kalwar kuwa ta motse, shafal, in ka zuba a ruwa sai ta taso sama.

Duk da haka na dafa. Me zan yi? Na ƙona karan da nake tattali, na tsaya kan tukunya tun safe. Kalwar kirki in ta dahu ɓawo ne yake saɓulewa, ƙwaya ta fito fara tas, biyu-biyu. Wannan ina sa taɓarya sai ta zama taɓo. Na tsince abin da ya tsintu, na rufe shi yadda ake yi, na jira. Warin da ya fito ba na daddawa ba ne. Mai yin daddawa ta san bambancin abin da ya nuna da abin da ya ruɓe, ko da ga baƙo duk wari ne.

Muna da wata kyanwa, baƙa mai farin wuya, ita ke tsaron ɗan abin da ya rage a rumbu. Ban taɓa barin ta da yunwa ba, don kyanwar da ba ta samu a gida ba gidan wasu take komawa. Ƙanzon tukunya nake jiƙa mata, in marmasa ɗan tunkuza a kai, in an dace da ƙayar busasshen kifi in daka in barbaɗa. Rannan na ce bari in gwada, na ɗibar mata ruɓaɓɓiyar kalwar na cakuɗa da ƙanzon. Ta zo ta shinshina, ta dube ni, ta yi ta tone ƙasa a gefen kaskon tana son binnewa.

Daidai nan Yaya ya shigo. Bai tambayi daddawa ba. Kaskon ya gani.

“Mutane na fama, ana dafa wa mage abinci! Wannan almubazzaranci a gidan nan?”

Inna ta ce, “Bar ta. Ita dai tun da take ba ta taɓa kamo ɓera ɗanye ta ce rana za ta ƙarasa shi ba.”

Matar Yaya ta shige ɗaki da gudu, zane a baki. Ni ban yi dariya ba. A ranar na gutsura ƙwayar daddawa ta ƙarshe.

Da aka yi shela, gari ya ɗauki ƙarar turmi, yaran maƙwabta suna yawo da baki rawaya. Namu suna kallo. Ba wanda aka yi wa sata a unguwarmu, ko mutum ɗaya. Maƙwabta sun ɗan sam mana, Allah ya saka musu, amma shekarar ba ta kyauta ba ce. Kowa abin da ya samu ya kai kasuwa ya auno hatsi. Abin da aka ba mu bai daɗe ba. Muka koma miyar kuka lami, gishiri da barkono kawai, tana yauƙi babu rai.

Auta ta rufe baki. In kai mata yatsa ta juya fuska jikin ƙirjina. Wuyanta ya zama kamar zare, gashinta ya yi ja ya kwanta. Kukan ma ta daina, sai ido. Yaya ya leƙo sau ɗaya daga bakin ƙofa, ya ce a riƙa matsa mata, yaran yanzu sangarta ce ta yi musu yawa.

Sai na tuna da gurguzu, wato ƙwayar yakuwa. Ina da shi cikin wani tulu, wanda na ajiye don shukar gefen gona in ruwa ya sauka. Kakata ta wajen uwa tana yin daddawa da shi a shekarun da ɗorawa ba ta yi ba, ita ce ake kira batso. A gidan mijina ba a yi, wai abincin matsiyata ne. Na tambayi maigidana, tunda iri ne, in an ci babu na shukawa. Ya daɗe yana kallon yarinyar, sannan ya ce, “Dafa.” Bai ce a tambayi babba ba. Na riƙe masa wannan alherin har yau.

Gurguzu taurin kai ne da shi. Na tace ruwan toka na dafa shi a ciki har ya yi laushi, na kirɓa, na rufe a tukunya na kai bayan ɗaki. Da ya fara aiki, unguwa duka ta sani. Batso ba ya ɓoyuwa. Na sake kirɓawa, na dunƙula, na shanya a kan faifai.

Yaya ya shigo da hannun riga a hanci.

“Wane mushe ne a gidan nan? Inna, batso? A gidan ubana? Wallahi kada a kuskura a sa min wannan a kwano.”

Inna ta ce, “To. Za a yi maka taka daban, da daddawar da ka shanya a soro.”

Ban jira ya gama bushewa ba. Na gutsuri ɗanye-ɗanye na daka da barkono kaɗan, na kaɗa miya a ƙaramar tukunya, na marmasa tuwo. Na zaunar da auta a cinyata na kai yatsa. Ta shinshina. Ta yamutsa fuska, ta dube ni kamar na yi mata laifi. Sannan ta buɗe baki. Na ba ta, ta haɗiye, na ga loma tana bin wuyan nan tana sauka. Na sake ba ta. Da na tsaya don kada cikinta ya ƙi, ta kama yatsana ta ja shi wajen kwano.

An yi wa Yaya miyarsa lami kamar yadda ya nema. Bai jure ba. Ba da daɗewa ba matarsa ta zo tana rufe dariya, wai a zuba masa ta gida, amma kada a faɗa masa wacce ce. Aka zuba, ba a faɗa ba, shi ma bai tambaya ba. Daga baya na ji shi a ƙofar gida yana gaya wa abokan hirarsa cewa a shekara irin wannan sai maigida ya iya tsara iyalinsa, shi tun wuri ya sa matan gidansa suka koma batso, ga auki ga ƙarfi a jiki. Suna ta cewa gaskiya ne, Malam.

Da ruwa ya sauka, gefen gonarmu ya zauna fili babu yakuwa, tunda irin ya tafi cikin tukunya. Miyar daminar nan sai rama da tafasa da muka riƙa roro. Auta kuwa kafin gero ya kai gwiwa ta sauka daga bayana. Tana bin 'yan uwanta har bakin rijiya, ƙafafu kamar sillen kara, tana faɗuwa tana tashi, in ta dawo ta wuce kai tsaye wajen murhu ta buɗe tukunya.