Malamin Dabbobin da Ya Bar Bauna Tana Naƙuda

Tun kafin a gama tatsar safe za ka ji ƙarar baburinsa a kan hanyar da ta bi gefen magudanar ruwa. Jakar fata ɗaure a baya, takalmin roba har gwiwa, gashin baki duk furfura. Shekara talatin da huɗu Zile Singh yana shiga gidajen Dhanikhera, ƙauyenmu na yankin Jind a arewacin Indiya, yana duba baunayen gida da muke kiwo don madara. A makon nan ya ajiye aiki. Mu dai Tau muke ce masa, yadda ake kiran wan uba, ko da yake ba mu haɗa kaka da shi ba.

A wajenmu Jat, ƙabilar manoma da makiyaya, bauna ita ce gida. In ta haifi mace, sai a raba alewa. In matar gida ce ta haifi mace, sai gidan ya yi tsit, maƙwabta su shigo suna magana ƙasa-ƙasa kamar masu ta'aziyya. Madara da man shanu na samari ne, masu kokawa da masu shirin shiga soja. 'Yan mata, da su ke yankan ciyawa su kwashe kashin baunar, tsala ce rabonsu, ita ma an tsinka ta da ruwa. Haka na tashi na gani, kuma har na yi wayo ban san akwai abin gyara a ciki ba.

Al'ada ce in malamin dabbobi ya gama aiki a kawo masa kofin madara mai zafi, mai yana yawo a kai. Tau zai karɓa, ya waiga, ya yafito yarinyar gidan.

"Ke, zo nan. Likita ya hana ni, cikina ba ya ɗauka. Taimaka ki shanye min."

Ba ya motsawa sai ta kai ƙarshen kofin. Kakata, wadda muke kira Dadi, ta taɓa ce masa, "Zile, za ka lalata mana yara da kwaɗayi."

Ya ce, "Dadi, ita ke ɗauko wa baunar ciyawa a ka. Ran da ta faɗi, ke za ki ɗauka?"

Na sha ganinsa a gidan biki yana shanye kofi uku a jere. Babu likitan da ya taɓa hana shi komai.

Ina shekara tara ciwon ƙirji ya kwantar da ni. Kwana takwas ina tari a ɗakin ajiye alkama, ana ba ni shayin citta. Asibiti yana gari, kuma ba a tayar da tarakta don tarin 'ya mace. A rana ta tara baunarmu ta fara naƙuda, ɗan ya gitta a cikinta. Cikin rabin sa'a aka kira Tau.

Ya riga ya naɗe hannun riga ya shafa mai har kafaɗa, sai ya ji numfashina ta bayan ƙofa. Mahaifiyata ce ta ba ni labarin sauran, don ni ban san inda kaina yake ba. Ya leƙa, ya ga leɓuna sun yi baƙi, ya fito ya dubi mahaifina, Sube Singh, wanda ake girmamawa da laƙabin Chaudhari.

"Chaudhari, yarinyar nan ba za ta kai yamma ba. Tada tarakta."

"Ka fara da baunar tukuna. Yarinya ce, za ta tashi. Ai su ba sa mutuwa da sauƙi."

"Juya ɗan nan aikin sa'a uku ne. Ita ba ta da sa'a uku. Kai ka kai ta, ni in tsaya a kan baunar."

"Ba inda zan je in bar dabbata a ƙasa. Aikin da aka kira ka shi za ka yi. 'Yata ba ta cikin aikinka."

Tau ya goge hannunsa da buhu, ya ce, "To ni zan kai ta. Wa zai riƙe ta a baya?"

Ba wanda ya motsa. Mahaifiyata, da tun zuwanta gidan ba ta taɓa ɗaga mayafi daga fuskarta a gaban manya ba, balle ta yi magana, ita ta ce, "Ni." Ta naɗe ni a bargo, ta hau bayan baburin namijin da ba nata ba, suka ratsa ta dandali inda dattawa ke zaune suna zuƙar lofe.

Kafin ya dawo, bauna ta mutu, da ɗan a cikinta, kuma mace ce. Ni na yi kwana goma sha ɗaya a asibiti na tashi.

Tau, kai ka san abin da ya biyo baya, kuma ba ka taɓa faɗa ba, don haka ni zan faɗa. Dattawa suka zauna a kanka. Aka kai ƙara cewa ka yi sakaci da aiki kuma ka keta mutuncin gidan mutane. Aka tura ka can bakin iyakar jihar Rajasthan shekara uku, matarka da 'ya'yanka suna nan ba mai gaishe su. Abin da mahaifiyata ta sha a gidanmu ba zan rubuta ba. Ni kuwa har na yi aure kakata in ta ga na sa hannu a kwano sai ta ce, "Ga wadda ta cinye mana bauna." Na daɗe ina jin kunyar cewa ni ce na rayu, kuma har yau in na tuna raina yana ɓaci.

Da ka dawo, mun ɗauka ka yi laushi. Gidan farko da ka shiga, aka kawo madara, sai aka ji kana cewa, "Ke, zo nan." Kai ne mai kunnen da ke jin tari ta bayan ƙofa. Kitabo, maƙwabciyarmu, ta ce daga baya in aka ji baburinka, uwaye kan fito da 'ya'yansu marasa lafiya su zaunar a tsakar gida, don sun san in ka gani ba za ka yi shiru ba. Ba zan ce ka gyara Dhanikhera ba. Har gobe akwai gidajen da ke yin tsit.

Ranar Lahadi aka taru a dandali don a naɗa masa rawanin girmamawa. Da aka tambaya wa zai naɗa, sai mahaifina ya miƙe da sandarsa. Shekara ashirin da shida bai amsa gaisuwar Tau ba. Ya tsaya a gabansa, ya ce, "Har yanzu ina jin zafin baunar nan."

Tau ya ce, "Ni ma, Chaudhari. Ni na karɓi haihuwarta."

Mahaifina ya naɗa masa, rawanin ya karkace, bai gyara ba. Sai ya ce, yadda kowa zai ji, "Da ka bi maganata, da yau ina da jikokinta ashirin a garke." Ya nuna ni da haɓa. "Amma da babu Darshana."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma a wajen mutum irinsa ya yi yawa.

Na gode, Tau. Mahaifiyata ma ta ce in gode maka, da sunanta, Omwati, ta ce in rubuta shi kowa ya gani. Ku kuma masu shiga gidajen mutane, malamai da masu allura da masu karɓar madara, kuna gani kuma kuna ji. Ran da aka ce muku yarinyar gidan ba ta cikin aikinku, ku tuna akwai wanda aka faɗa wa haka ya ƙi ji, kuma yarinyar ce ta rayu take rubuta muku wannan.