Mazaunin Baya

Motar maigidana ta yi shekara biyu a ƙofar gidanmu a Dutse Uku, cikin Jos, bayan rasuwarsa. Da aka zo rabon gado yaran suka ce a bar mini ita, alhali sun san ban iya tuƙi ba. Duk ranar Asabar nakan ɗebi ruwa a bokiti in wanke ta, in buɗe ƙofofinta ta sha iska, in sake rufewa. Ɗana yana aiki a Legas, 'yata tana aure a Gombe. Gidan daga ni sai kaji huɗu da rediyo.

Ina da ƙawa guda ɗaya. A ajin yaƙi da jahilci muka haɗu, muna manyan mata da goyo, benci ɗaya muke zama. 'Yar asalin duwatsun nan ce, coci take zuwa, ta girme ni da kaɗan, shi ya sa nake ce mata Yaya. Layinmu ɗaya a da. Da gari ya rikice, kowa ya koma inda danginsa suka fi yawa, su ma suka tashi suka koma can bayan gari a kan tudu. Ba mu rabu ba. Duk Alhamis nakan same ta a rumfarta a kasuwar Taminus inda take sayar da dankalin turawa, in zauna a kan buhu, mu yi hira har la'asar.

Sai wata Alhamis na tarar da rumfar a rufe. Matar ɗanta ce ta gaya mini a waya cewa ɓarin jikin Yaya ya shanye, an sallamo su daga asibiti, tana gida a kwance. Ta kara mata wayar a kunne. Numfashi na ji, da rabin kalma. Na yi ta cewa sannu, sannu Yaya, har kuɗin wayar ya ƙare. Na gane cewa in ban je da ƙafata ba, mun gama ganawa ke nan.

Keke mai ƙafa uku yana kaiwa mararraba ne kawai, sauran hanyar hawa ne a cikin duwatsu, gwiwata kuma ta daɗe da daina hawa. Na roƙi ƙanin maigidana ya kai ni a motar. Ya ce in sha Allah. Sau uku yana cewa in sha Allah. Wani maƙwabci kuma ya ce bai san unguwar sosai ba, ga aiki ya yi masa yawa. Ban ga laifinsu ba. Kowa da abin da idonsa ya gani a garin nan.

Akwai wata ma'aikaciyar asibiti a layinmu mai ƙaramin mashin, irin wanda ake kira roba-roba. Kullum da safe ina shara take wucewa. Wata rana na tsaya da tsintsiya a hannu na bi ta da kallo har ta sha kwana, ban koma sharar ba.

Makaniken maigidana dattijo ne, garejinsa yana Dilimi. Da na gaya masa ina son a ba da motar a karɓo mini mashin, ya ɗauka jikana nake nema wa. Na ce ni ce zan hau. Ya goge hannu da tsumma ya daɗe yana gogewa, sannan ya ce akwai mai neman irin motar, zai ba da sabon roba-roba ya yi ciko.

Kafin a yi, na kira ɗana.

"Mama, motar Baba ce fa."

"Na sani. Ni nake wanke ta."

Ya ce me mutane za su ce, a ga uwarsa a kan mashin kamar ba ta haifa ba. Ya ce in jira ya zo da sallah ya kai ni duk inda nake so. Na ce masa sallah saura wata biyar, mai jinya kuma ba ta san lissafin nan ba. Muka yi sallama. Ranar da aka kawo takardu da hannuna na rubuta sunana, a hankali, harafi bayan harafi. Aka ja motar da igiya saboda batirin ya mutu tuntuni. Inda ta tashi ƙasar ta yi fari, ciyawa ta kewaye wurin.

Ma'aikaciyar asibitin ce ta koya mini, a filin makarantar firamare ranakun da babu ɗalibai. Ba ta da haƙuri sosai, amma ta iya koyarwa. Takan ce in daina kallon taya, in kalli inda za ni. A rana ta huɗu na fara zagaya filin ni kaɗai, ina jin daɗi, sai na ji an fizgo wuyana ta baya. Gefen hijabina ne tayar baya ta kama ta naɗe. Allah ya sa a hankali nake tafiya. Na faɗi a gefe, gwiwar hannuna ta goge, hijabin ya yage har ƙugu. Ma'aikaciyar ta zo a guje, ta ga ina numfashi, sai ta hau ni da faɗa, ta ce an sha rasa mata ta haka, ita ma laifinta ne da ba ta duba ba.

Washegari na tura mashin ɗin har Dilimi, ban hau ba. Dattijon ya kira mai walda, suka lanƙwasa raga ta ƙarfe suka rufe tayar baya hagu da dama, suka ƙara murfi a kan sarƙar. Ni kuma da na koma gida na fito da hijabai biyu na rage musu tsawo zuwa gwiwa. Na daɗe riƙe da almakashin kafin in sa. Tun ina amarya ban sa hijabin da bai kai idon sawu ba.

Sauran kayan a hankali muka zaɓa. Masu shagon kusa da garejin sun so su sa mini ƙaho mai kukan babbar mota da fitilu masu launi, na ce a'a, ba biki za ni ba. Na ce a sauya madubin da babba, domin wuyana ba ya juyawa da kyau. Hular kwano sai da na gwada biyar kafin a sami wadda ta zauna a kan ɗankwali da hijabi ba ta matse mini kunne ba. Na sayi rigar ruwa a wajen 'yan gwanjo, domin ruwan Jos ba ya sallama, da safar hannu saboda sanyin safe. Silifas ma na ajiye, na sayi takalmi sau-ciki irin na 'yan makaranta.

Saura inda zan sa kwanon abinci. Dattijon ya ce kwandon gaba ƙarami ne, kuma kaya a gaba yana sa kan mashin rawa a hawa. Akwai akwati mai makulli, amma wanda ke gare su babba ne, in an ɗaura shi zai ci mazaunin baya.

"Hajiya, akwai wanda za ki riƙa goyawa?"

Na tsaya ina dubawa a zuciyata. Jikokina suna nesa. Yaya ba za ta sake zama a kan mashin ba. Na bi layinmu gida gida a raina, na dawo.

"Babu, Malam. A ɗaura."

Dattijon ya ɗauko sifana ya ɗaure akwatin da kansa, ya girgiza ya ga ya zauna.

Na yi wata guda ina gwaji a cikin unguwa, sannan na fara leƙa Titin Bauchi da sassafe. Abin da ban zata ba shi ne, da hular nan da rigar ruwa ba mai gane ni. Matan da muka yi shekara talatin muna gaisawa sai in wuce su ba su ɗago ba. Da fari nakan tsaya in ɗaga gilashin in yi sallama. Daga baya na daina.

Ranar Alhamis ɗin na dafa faten acca da yakuwa, na zuba a kula, na kulle a akwatin. Na yi addu'ar fita. A mararrabar wasu maza suna zaune a kan benci, suka bi ni da ido, hijabina ya leƙo ta ƙarƙashin rigar. Na tsaya, na cire hular, na gaishe su, na tambayi gidan mai dankalin da ba ta da lafiya. Sai babbansu ya miƙe ya nuna mini da hannu, ya ce in bi ta bayan dutsen can, in kula da ramin da ruwa ya ci.

Mashin ɗin ya yi ta kuka a hawan, sau biyu na sa ƙafa a ƙasa, amma ya kai.

Yaya tana kwance a kan katifa kusa da taga, ta rame, bakinta ya karkace. Ta daɗe tana kallona. Matar ɗanta ta gaya mata da abin da na zo, ba ta yarda ba, sai da muka tallabe ta mu biyu ta leƙa ta taga ta ga mashin ɗin a jingine a gindin mangwaro. Ta yi dariya da rabin fuskarta, hawaye yana zuba ta ɗaya idon.

"Ba ka da hankali," ta ce. Haka take Hausarta tun da, kowa namiji ne a bakinta.

Ita ce maganar da ta fita sosai a ranar. Na ba ta faten da cokali, ta sha kaɗan. Na yanke mata farce, na tsefe mata kai na yi mata kitso guda huɗu. Na ba ta labarin kasuwa, wanda na sani da wanda aka gaya mini. Wani lokaci ta yi barci, na zauna ina jin numfashinta.

Wajen la'asar hadari ya haɗo ta gabas. Na miƙe ina sa rigar ruwa, ta kama bakin hijabina da hannunta mai lafiya, ta riƙe. Na ce mata zan dawo Alhamis. Ba ta saki ba, sai na koma na zauna, na ce bari ruwan ya zo ya wuce tukuna.