Sallamar da Na Yi wa Kofur

Shekarun baya, kafin 'yan bindiga su tashi ƙauyenmu da ke wajen Kakangi, ina da kare mai suna Kofur. Ni na ba shi muƙamin, ba don jarumta ba, don ko akuya ce ta harare shi sai ya nemi bayana.

Ɗana da ke aiki a Kaduna ya kafa mini kyamara a jikin rumbu, mai sola da sim a ciki. Daga waya ina ganin tsakar gida, in na danna wani wuri in yi magana a ji. Ni da na ajiye boko a aji huɗu, cikin kwana biyu na zama injiniya, har maƙwabta nake wa lacca.

Ranar da muka gudu, direba ya ce mutane ma a tsaye suke, ba zai ɗauki kare ba. Sai na bar Kofur a hannun abokina, wani Gbagyi maƙwabcina da muka shekara talatin muna tsokanar juna. Shi ya ce sai ya cire dawarsa zai fito.

Muka sauka a ɗaki ɗaya cikin garin Birnin Gwari. Ba gona, ba aikin yi. Kullum da hantsi sai in buɗe waya in ce, "Kofur, kawo rahoto." Ya taho da gudu, ya tsaya gindin rumbu yana kaɗa wutsiya, yana zagayawa ko a baya na ɓuya. Matata ta ce, "Malam, yaushe rabon da ka tambaye ni yadda na kwana?" Na ce, "Ke ai ina ganinki ba sai da data ba."

Bayan mako uku abokina ya bugo. 'Yan bindiga sun aiko musu cewa kowa ya fita kafin Juma'a.

"Malam, karenka ya ƙi bina. Na sa masa igiya, ya tsinke ta ya koma gindin rumbu."

"Matsa in ba shi umarni."

Na danna na ce, "Kofur, tashi ka bi shi." Yana jin muryata sai ya kwanta, ya ɗora haɓa a ƙasa.

Abokina ya ɗago ya dubi kyamarar. "Ka gani? A wurinsa kana cikin rumbun nan. Bari in sa fartanya in fasa abin, ya san ba ka nan."

"Kai da ko rediyo ba ka iya murɗawa ba, za ka taɓa na'ura?"

Wasa na mayar da maganar, amma gaskiya kyamarar kaɗai ta rage mini da nake ganin gidana.

"To ka rufe bakinka," in ji shi. "Na san aiki ne babba a wurinka. Yunwa za ta koro shi, kuma ya san hanyar gari."

Ya cika daro da ruwa, ya zuba masa dusa da ragowar tuwo, ya tafi.

Na yi shiru kwana shida. Ina kallo ya cinye abincin, ruwan daro yana ja da baya, haƙarƙarinsa suna fitowa. Sai ya zauna ya karkata kai yana duban kyamarar, ni kuma in tura yatsana ƙarƙashin cinya.

Rana ta bakwai ya miƙe, ya shinshina rumbun, ya taka a hankali har bakin zaure. Tafiya zai yi. Abin da muke roƙon Allah ke nan. Ban san lokacin da na danna ba. Ba ma kiransa na yi ba, cewa kawai na yi, "Allah ya kiyaye hanya, Kofur."

Ya juyo. Da ɗan ƙarfin da ya rage masa ya rugo ya faɗi gindin rumbu, wutsiya tana share ƙasa.

Matata ta dube ni, ta ɗauki buta ta fita.

Daga nan na yi tsawa, na yi zagi, na sake yin shiru, duk a banza. Na tuntuɓi 'yan acaɓa biyu, suka ce ko gawar ɗan'uwa ba a shiga ɗaukowa a lokacin. Ban ga laifinsu ba. A kwana na huɗu da dawowarsa ya kwanta bai tashi ba. Kyamara kuwa lafiyarta ƙalau, sola tana ba ta wuta, tana nuna mini komai tas. Ranar da na ga ungulu ta sauka a kan katanga, na miƙa wa matata wayar na ce ta ɓoye inda ba zan gani ba.

Abokina yana nan da rai. Har yau yana tsokanata a kan sanƙona da rowata da Turancina, amma bai taɓa ɗauko zancen Kofur ba. A nan nake gane nauyin abin da na yi.

Na daɗe ina gaya wa mutane cewa tausayi ne ya sa na yi magana. Ƙarya nake yi. Ni ne ban iya jure ganin Kofur ya fita ya bar ni da tsakar gida babu kowa ba. Shi ya riga ya haƙura da ni, ni na hana shi.

Yanzu mutanen gida suna cewa tsufa ya ɓata ni, ba na raka baƙo, ba na dogon sallama. Haka ne. In mutum ya miƙe zai tafi, ƙasa nake kallo har sai na ji ya fice.